Kujera ce ta ƙarshe: amsa ga masu son gyaran tiribin ɗin filin balo a Tawa

Ƙanena na ga tambayarka. Ka ce kulob ɗinku nan Tawa an yi muku alkawalin kuɗɗi don gyaran wajen zaman 'yan kallo, kuma komitinku ya rabu biyu, wasu na son a zuba kujerun roba kala-kala ko'ina kamar yadda ake gani a tele, wasu na cewa a ƙara giradan kawai, wato matakalan zama na siminti, don a samu jama'a da yawa, kana son sanin wanne ya fi, kuma mutum nawa filin zai iya ɗauka bayan gyara. To aikin gini nike yi, beto da ƙarfe su ne abincina, kuma amsar da zan ba ka ba lalle ta yi wa ko ɗaya cikin ɓangarorin biyu daɗi ba. Kujera ita ce ta ƙarshe a lissafi. Yawan mutanen da fili ke ɗauka kuma a bakin ƙofa ake ƙirga shi kafin a je wajen zama.

Amma tukuna, filin na wa ne? A nan Nijar yawancin sitad na gwamnati ne ko na meri, kulob aro kawai yake yi. In kuka zuba miliyoyi ba takarda, gobe a canza magajin gari a ba wani filin ya yi taro, a taka muku kaya a farfasa, ba ku da bakin magana. Ku samu yarjejeniya a rubuce, shekara nawa za ku yi amfani da shi, wa ke amsar kuɗɗin ƙofa, wa ke gyara in abu ya lalace. Ku kuma sanar da lig ta jiha da FENIFOOT, hukumar balo ta ƙasa, tun plan yana kan takarda, tunda su za su ce a buga shampiyona a ciki ko kar a buga.

Yanzu ƙofa. Ran 9 ga Mayu 2001 a Accra, Hearts of Oak da Asante Kotoko, magoya baya suka fusata suka dinga ciro kujerun roba suna jifa cikin fili, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga matakala suka tarar da ƙofofi a rufe, mutum 126 suka rasu. Ka lura filin nan yana da kujeru, kujerun ma su suka zama abin jifa. A Abijan cikin Maris 2009, mac ɗin Kodibuwa da Malawi, turereniya ce ta wajen shiga ta kashe mutum kusan 20. A Yawunde kuwa, sitad na Olembé sabo fil mai ɗaukar mutum 60,000, ran 24 ga Janairu 2022 lokacin kofin Afirka, Kamaru da Komoros, mutum 8 suka mutu a ƙofar shiga tun ba su ga kujerar ba. Wanda ya fi kama da irin filayenmu shi ne na Nzérékoré a Gine, 1 ga Disamba 2024, fili ne na cikin gari mai katanga, rikici ya tashi kan hukuncin alƙalin wasa, aka harba hayaƙi, gwamnati ta ce mutum 56, masu kare haƙƙin ɗan Adam suka ce sun fi haka nesa.

Akwai lissafin da ma'aikata ke bi, yawanci daga wani littafin ƙa'ida na Ingila da ake ce ma Green Guide aka ɗauko shi. Ƙofa ko hanya mai faɗin mita 1 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana fidda mutum 82 a minti ɗaya, in matakala ce mutum 66. Ana son kowa ya bar wajen zama ya shiga hanyar fita cikin minti 8, in wajen na iya kama wuta ma ƙasa da haka sosai. Ɗauki fili mai mutum 5,000 da ƙofa ɗaya tilo mai faɗin mita 2, kamar yadda ake yi a wurare da yawa don kar wani ya shiga ba tike. Minti ɗaya mutum 164, ke nan sai an yi minti 30 kafin fili ya watse, kuma wannan in kowa na tafiya cikin hankali ne, ba wanda ya faɗi, ba babur a gicciye. Don ka samu minti 8 ɗin kana buƙatar faɗin ƙofofi jimilla kusan mita 8, a rarrabe kusurwa-kusurwa, kuma ni kullum sai na ƙara ɗaya a kai don ranar tashin hankali wata ƙofar ba za ta biyu ba. In ƙofofinku mutum 2,000 suke iya fiddawa, to filinku na mutum 2,000 ne ko da kun zuba kujera 10,000.

Shiga ma haka. Ƙofa mai shigar da mutum ɗai-ɗai ana yi mata lissafin mutum 660 a awa. Mutum 5,000 cikin awa ɗaya ƙofa 8 ke nan. Mu kuwa ka san halinmu, mac na yamma ne, kowa sai ya yi la'asar, kabu-kabu su kwaso mutane duka a minti ashirin na ƙarshe, ana jin usur daga waje sai na baya su fara turi. Ku raba wajen saida tike da bakin ƙofa, a kai shi nesa kaɗan, ko a fara saidawa tun safe a cikin gari. Sannan al'adar nan ta buɗe ƙofa kyauta in an kusa tashi, yara da marasa tike su kwararo ciki daidai lokacin da na ciki suka fara fita, wallahi tana ba ni tsoro fiye da komi, in za a yi ta a ware mata ƙofa daban.

Kuma ƙofar fita waje take buɗewa, ba ciki ba. Kar ku yarda mai walda ya yi muku irin mai zamewa kan layin ƙarfe, hunturu ɗaya rairayi zai cika layin, sai mutum ukku sun taru kafin ta motsa. Na sha zagaya fili ana tsakiyar wasa in tarar da ƙofar gaggawa da sarƙa da ƙaton kwaɗo, ka tambayi makulli a ce yana wajen mai gadi, mai gadi ya tahi sallah ko yana can ɗaya gefen yana kallon wasa da makulli a aljihu, a bayan ƙofar kuma babura sun yi layi, mai tsire ya kafa tebur da wutarsa. Ƙofa irin wagga a takarda kawai take ƙofa. Tun daga shigar mutum na farko har fitar na ƙarshe ba kwaɗo, sakata kawai da mutum tsaye a wajen, wannan ko dala ba ta ci, amma sai an rubuta shi cikin dokar fili an sa wanda zai bi.

Sai matakalan zaman kansu, nan ne maso ke kashe aiki in ba a tsaya masa ba. Shi a wajensa bene bene ne, zai yi maka kowane hawa daidai da ɗan'uwansa tun daga ƙasa har sama, kuma da ido zai yi kyau. Sai ranar mac ka ga na layi na goma ba ya ganin layin gefe sai ƙeyar na gabansa, ya miƙe, na bayansa ma ya miƙe, a fara "ku zauna, ku zauna", daga nan jifa da ledar ruwa. Abin da ake aunawa shi ne layin da ya taso daga idon mai kallo zuwa layin gefen fili, da santi nawa ya wuce saman idon wanda ke gabansa. Santimita 6 shi ne na ƙarshen ƙarshe, 9 shi ake so a sabon gini, 12 ya yi kyau sosai. A Adar ni 12 zan nema in kuɗɗi sun yarda, don mutanenmu da hula suke zuwa kallo, wani ma da rawani.

Bari in ba ka misali da lamba. Mu ce idon na layin farko yana mita 10 daga layin gefe kuma mita 2 sama da ciyawa, zurfin kowane hawa santimita 80, muna neman 9. Hawa na farko zai zo kusan santimita 26, amma kan ka kai layi na 15 sai ya wuce 30, wato tiribin na ƙwarai yana ƙara miƙewa ne yana hawa, ba miƙaƙƙen layi ba ne. A aikace ba a canza kowane hawa, ana raba shi kashi ukku ko huɗu. Kuma duk tsiya kar gangaren ya wuce digiri 34, daga nan saukowa ta zama haɗari ga tsoho da mai babbar riga. Lissafin nan enjiniya zai yi shi cikin awa ɗaya, amma in an zuba beto ba a yi shi ba sai dai a fasa.

Zurfin santimita 80 ɗin nan ka riƙe shi da kyau don shi zai gaya maka ko tsohon giradan ɗinku na iya ɗaukar kujera ma. Yawancin tsofaffin an yi su ne don a zauna kan siminti, ƙafar na baya a gindin na gaba, in ka auna za ka samu ba su kai ba. Ƙasa da 70 kar a ɗora kujera, gwiwa za ta tokari bayan na gaba kuma ba wanda zai iya wucewa sai duk layi ya tashi. Hanyoyin hawa da sauka tsakanin kujeru faɗinsu mita 1.2 aƙalla, matakinsu kar tsawonsa ya wuce santimita 19, kar faɗin taku ya gaza 28, kuma su zama daidai da juna, mataki ɗaya da ya bambanta da sauran shi ke kada mutane. Layi ɗaya kar ya wuce kujera 28 in akwai hanya dama da hagu, in gefe ɗaya ne 14.

Ga abin da masu son kujera ba su cika faɗa ba. Tiribin mai tsawon mita 60, ka cire hanyoyi biyar mita 6 sun tahi, saura 54, kowace kujera santimita 50 tsakiya zuwa tsakiya, layi ɗaya 108, layi 15 ya ba ka 1,620. Wannan wajen dai da yake siminti tsirara mutane na matsuwa kan santimita 40 har su toshe hanyoyin, 150 a layi, 2,250. Ka ga kujera ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Ba laifi ba ne, wancan cunkoson dama ba daidai ba ne, amma komiti ya san da shi, don ko dai kuɗɗin ƙofa su ragu ko tike ya tashi, in tike ya tashi kuma ka san wa za a bari a waje.

In an gama da ƙofa da matakala, kuɗɗin da suka rage inuwa za su, ba roba ba. Mai kallo a Tawa cikin Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, ka ba shi zaɓi tsakanin siminti a inuwa da kujera a rana ka ga wanne zai ɗauka. Ana shimfiɗa fili arewa da kudu, babban tiribin a yamma, don rana ta faɗi bayan 'yan kallo kuma kar ta shiga idon gola. Sai dai tiribin na yamma bakinsa gabas yake kallo, hadarin damanarmu kuma daga gabas yake tasowa da iskar nan mai ƙura da ke riga ruwa isowa. Iskar na shiga ƙarƙashin rufin ta ɗaga shi sama, don haka rufin tiribin a nan matsalarsa ba nauyi ba ce, tashi ce. Ginshiƙai su samu tushe mai nauyi, a ɗaure su da noti masu kauri da aka binne cikin beto tun wajen zubawa, kwano a kama shi da ƙugiya da ɗan zoben nan na ƙarƙashin noti ba ƙusa ba, a ƙara yawansu a gefuna da kusurwa inda iska ke fara ɓallewa. A bar rata tsakanin bangon baya da rufi, iska ta samu mafita, zafi ma ya fita. Rufi ya yi tsawo, kwano kusa da kai tanda ne.

Rufin da ba ginshiƙi a gaba shi ya fi daɗin kallo amma ƙarfensa da tushensa tsada gare su, kuma ba aikin mai walda na bakin kasuwa ba ne, sai da lissafin enjiniya da sa hannunsa. In ƙarfinku bai kai ba ku sa ginshiƙai 'yan kaɗan sirara a daidai hanyoyin hawa, inda dama ba mai zama. Gefen gabas da ba za a rufe ba a yanzu, su ne rana ke duka a fuska, a nan tike ya fi araha, kuma a dasa dogon yaro a bayan katanga da harabar fili don masu jira da masu saida ruwa su samu inda za su fake, nesa da tushen gini saboda saiwa.

To kujerar kanta. Roba iri-iri ce, abin da ke raba su shi ne maganin rana da aka haɗa a ciki wajen narkawa, kuma da ido ba ka gane shi ranar da aka sauke kaya, duka sheƙi suke. Na ga wani tiribin da ba rufi, jajayen kujeru, bayan bazara biyu sun koma kalar hoda, ka shafa hannu ka ga gari fari ya biyo yatsa, ka danna bayan kujerar da gwiwa ta ce ƙaras daga daidai ramin noti, ta bar baki mai kaifi da ke yaga wando da ƙafar yaro. Notin kuma baƙin ƙarfe ne aka sa, ruwa ya bi ramin ya shiga, tsatsa ta kumbura ta fasa leɓen beto. Don haka ku nemi takardar gwajin rana da ta gwajin wuta daga mai kawowa, garanti a rubuce, noti wanda ba ya tsatsa, kujera mai rami a tsakiya don ruwa da ƙura su fita. Ja shi ya fi saurin kodewa, baƙi da shuɗi mai duhu su suka fi ɗaukar zafi. Mai naɗewa tana ba da hanya amma tana da maɗauri da ƙura ke ci, ni wadda ba ta motsi nike so a nan. Ku saya da rara, ko kashi 5 cikin 100, a ajiye a sito, don shekara ukku gaba ba za ku samu kalar ba. Kuma a ƙarƙashin rufi kawai za a sa su.

Na san mi za a ce maka, wai CAF, hukumar balo ta Afirka, ba ta yarda sai da kujeru. Gaskiya ne ga manyan wasanni tana son kujera ɗai-ɗai mai lamba, a kafe, mai majingina, FIFA ma tana maganar majingina ta santimita 30 aƙalla. Tun 2021 CAF ta tsananta, ta hana ƙasashe da dama wasa a gida, mu kanmu Mena, ekip ɗinmu ta ƙasa, ta sha amsar baƙi a Maroko da Kwatano alhali ga Stade Général Seyni Kountché a Yamai, wanda aka buɗe a 1989, ya ɗauki wasannin Francophonie a 2005, kofin Afirka na 'yan ƙasa da 17 a 2015 da na 'yan ƙasa da 20 a 2019 tare da Maraɗi. Amma CAF ba kujera kaɗai take dubawa ba, akwai ciyawa, fitilu, ɗakunan 'yan wasa, wajen 'yan jarida, ɗakin likita, kewaye. In babban sitad na ƙasa ya sha fama da wanga sharuɗɗa, kulob na jiha da ke buga shampiyona ta gida bai kamata ya ƙarar da kuɗɗinsa yana bin su ba. Abin da za ku yi shi ne ku zuba matakalan da zurfin 80 tun yanzu, ranar da Allah ya kai ku sai a ɗaura kujeru ba tare da fasa komi ba.

Su Turawan da ake kwaikwayo ma ba a banza suka koma kujera ba, kuma ba su tsaya nan ba. Ran 15 ga Afrilu 1989 a filin Hillsborough na Ingila, Liverpool da Nottingham Forest, aka buɗe wata ƙofa jama'a suka kwarara cikin wajen tsayuwa da dama ya cika, gabansu shingen ƙarfe, aka matse su, mutum 97 ne suka rasu sanadinsa. Rahoton alƙali Taylor na 1990 ya sa manyan kulob na Ingila suka koma zama zalla zuwa 1994, aka kuma cire shingayen. Shekaru suka wuce magoya baya na tsayuwa a gaban kujerunsu suna ƙorafi, har a 2022 aka sake halatta tsayuwa, amma da ƙarfen dafawa a kowane layi. Jamus kuwa ba su taɓa barinta ba, tiribin na kudu a Dortmund mutum kusan 25,000 ke tsaye a ciki. Abin ɗauka a nan biyu ne, in kun sa waya tsakanin 'yan kallo da ciyawa to a yi mata ƙofofi masu buɗewa cikin fili da mutum a kowace, sannan tsayuwa ba ita ce haɗari ba in an ƙayyade yawa, ƙa'idar ba ta wuce mutum 47 a murabba'in mita 10, da ƙarafan tokare masu tsawon kusan mita 1.1 da aka dasa da ƙarfi don su karya turi daga baya.

Shi ya sa nike cewa ku bar wa samari wajensu. Masu ganga da kalangu, 'yan fada da ke zuwa a ƙungiya, yaron da dala arba'in ce a aljihunsa, waɗannan ba zama suke zuwa yi ba, in ka ba su kujera a kanta za su tsaya su yi rawa, wata biyu ta karye. Su ne kuma ke sa ekip ɗin baƙi ta ji ba gida take ba. A yi musu giradan na siminti mai kyau bayan raga ko gefen gabas, a shata wajen kowa da fenti in ana son ƙirga. Kuma a matso da su kusa. Hanyar tsere mai layi 8 tana cin kusan mita 10 a gefe, bayan raga fiye da haka nesa, in ba tsere ake yi a filinku ba kar wani ya sa ku barin wajenta. Mutumin Tawa ya san yadda filin kokowa ke ɗaukar zafi don jama'a na kewaye kusa da 'yan kokowa. A bar dai 'yan mitoci daga layin gefe don mai tuta, masu ɗumama jiki da motar likita.

Irin wanga giradan mara tsawo ba sai an yi shi da ginshiƙai ba. Ana iya tara jar ƙasa a daddaɓe ta da inji shimfiɗa-shimfiɗa, santimita 20 kowace, ana yayyafa ruwa, a tokare baya da bangon dutse, dutse kuwa Adar ba ta rasa shi ba, sannan a zuba matakalan a kai. Ya fi araha nesa, sharaɗin kawai ruwan sama ya samu hanya, in ya shiga ƙarƙashi ƙasa za ta zauna beto ya tsage. Kowane hawa a ɗan karkata shi kaɗan gaba, santi 1 ko 2 a mita, da magudana a ƙasa.

Beto mai ɗaukar nauyi buhu 7 na siminti ne a kubik ɗaya, kilo 350, a ƙirga buhunan a gaban wakilinku, ga Malbaza inda ake yin siminti kusa ba wani uzuri. Rairayin tudu mai laushi bai yi ba, na ƙorama mai tsabta ake so. Ƙarfe ya samu rufin beto santimita 3. A zuba da sassafe ko da marece, a rufe da buhu a dinga shayar da shi kwana 7 aƙalla, ƙarfinsa na lissafi sai kwana 28. Ruwan shayarwar nan a sa shi cikin debi, takardar lissafin aikin, da kuɗɗinsa, don a Tawa ruwa ba abin wasa ba ne kuma shi antarpiriz ke fara tsukewa. A bar tsagar numfashi kowane mita 20 zuwa 25, in ba ka bari ba zafi zai yi maka ita inda ya ga dama. Tsohon tiribin kuma kafin a ɗora masa rufi ko ƙarin layi a sa enjiniya ya duba ƙarƙashinsa, inda duk ka ga beto ya ɓare ƙarfe ya fito ja, akwai magana.

Abu biyu kar ku yi ko da finale ce. Kar a yi hayar ƙarafan gini a ɗaura tiribin na kwana ɗaya don ƙarin tike, a filin Furiani na Bastia a Faransa ran 5 ga Mayu 1992 irinsa ya rufta kafin a fara wasa da Marseille, mutum 18 suka mutu a lokacin, fiye da 2,000 suka ji rauni. Kuma kar ƙarƙashin tiribin ya zama juji ko sito, a Bradford ta Ingila a 1985 shara ce da ta taru ƙarƙashin katako ta kama wuta, mutum 56. In za ku ba da hayar shaguna a ƙarƙashi don kulob ya samu na gyara, dabara ce mai kyau, amma ba mai saida esansi a kwalba, ba mai gas, kuma ku kira pompiye su duba plan ɗin.

Sauran ƙananan da ake mantawa har ranar buɗewa, kewaye na maza da na mata daban da ruwa, wajen alwala da ɗan filin sallah tunda magariba na kama mutane a wajen, ɓangaren mata da iyali da ƙofarsa kusa, in ba haka ba ba za su zo ba. Masu keken naƙasassu a yi musu dandamali a gaba cikin inuwa, inda in na gaba ya miƙe ba zai tare su ba, gangaren hawansa kowane mita 1 na tsawo ya samu aƙalla mita 12 na tafiya. Wajen manyan baƙi kuma a yi shi daidai, layi biyu ko ukku sun isa, na ga inda aka cinye tsakiyar tiribin gaba ɗaya da kujerun alfarma da ba a cika su sai ranar da gwamna ya zo.

Don in iya ba ka lamba ta gaskiya kan filinku, ka ɗauki mita ka auno mini faɗin kowace ƙofa a buɗe da inda take buɗewa, zurfi da tsawon hawa na farko da na tsakiya da na ƙarshe, yawan layuka, tsawon tiribin, tazara daga layin farko zuwa layin gefe, da gefen da yake, gabas ko yamma. Ka haɗa da hoton ƙarƙashinsa in ana shiga, musamman inda ginshiƙi ya haɗu da dakali.